Kada Ka Je da Akwatinka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Dangora ta ƙasar Kiru, zuwa ga ɗana Tanko a birnin Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Allah Ya tsare ka a jirgi da mota, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Ba zan cika maka takarda da labarin gida ba. Baffanka Sule ne zai kawo maka wannan, shi kuwa ka san halinsa, tun kafin ka tambaya zai gaya maka har akuyar da ta haihu. Ni magana ɗaya ce ta zaunar da ni, wato inda za ka shimfiɗa tabarmarka idan ka isa Lome.

Na fahimci abin da ka yi mana bayani ranar da ka zo sallama. Turawan kamfanin da kake wa awon gyaɗa za su tura ka shekara guda ka koyo Faransanci. In ka dawo da shi a bakinka, za su ɗauke ka daga bakin sikeli su ba ka tebur. In ka dawo babu, sikelinka na nan yana jiranka, kuma ba za su sake tura ka ba. Ka ce makarantar ta ba ka zaɓi: ko ɗakin kwanan ɗalibai, ko ka kama haya kai kaɗai, ko su sa ka a gidan wani mutumin garin ka ci ka kwana tare da iyalinsa, abin da ka ce suna kira fansho. Mahaifiyarka har yau ba ta huce da wannan kalma ba. Tana ta tambayata wane irin aiki ne wannan da za a ba yaro fansho tun bai yi furfura ba. Na ce mata nasu fanshon daban ne, tuwo ne da wurin kwana. Ta ce to ai wannan ma shi ne namu.

Akwai zaɓi na huɗu da makaranta ba ta san da shi ba, shi ne kuma wanda kowa a gidan nan ya riga ya yanke maka: ka sauka a zango, gidan Alhaji Mamuda, mai masaukina. Kafin in faɗi nawa ra'ayin, bari in gaya maka yadda ni na yi, don ni na zauna a garin nan shekaru masu yawa, kuma kusan duk inda ake iya yin kuskure na yi.

Lokacin da na shiga Lome ban kai shekarunka ba. Na biyo fataken goro, kayana a ka, ƙafata duk ta tsage. Ban yi niyyar sauka a gidan kowa ba tukuna, so nake in zagaya in ga gari. Sai na ji Hausa na tashi daga wani zaure, na yi sallama don in sha ruwa kawai. Mai gidan, wato Mamuda, a lokacin bai je Makka ba, ya ɗago ya dube ni.

"Samari, daga ina?"

Na ce daga ƙasar Kano, wajen Kiru.

Ya ce, "A'a, ɗan gida ne ashe. Ku sauke masa."

Kafin in haɗiye ruwan an ɗauke kayan daga kaina an shige da su ciki. Aka kawo fura, aka kawo tuwo. Shi ke nan. A zango in kayanka suka ƙetare zaure, ka kuma sa hannu a akushin mai gida, ka zama baƙonsa, shi zai sayar maka, shi zai saya maka, shi zai yi magana a madadinka, kuma fita daga gidan sai da dalilin da za ka iya faɗa a gaban mutane. Ba wanda ya tilasta ni. Kirki ne ya ɗaure ni, kuma ban ji zafin igiyar ba sai bayan shekaru. Wannan shi ne na farko: duk gidan da ba ka yi niyyar kwana a cikinsa ba, kada ka tunkare shi da kaya a ka.

Zaman zango ba abin da ya fi shi daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Da asuba ladan Bahaushe, da safe mai koko Bahaushiya, mahauci namu, wanzami namu, mai wankin hula namu. Da yamma a zauna a ƙofar gida ana musun ko Kano ta fi Katsina. In an kira ka ofishin Faransawa, akwai tafinta a unguwar, ka bi shi a baya kamar rago, ya yi magana, ka dangwala yatsa, ku dawo. Haka na yi ta yi. Na shekara da shekaru a ƙasar da Faransawa ke mulki, abin da na iya bai wuce in ce sannu da na gode da kalmar nan tasu ta wi ba. Ban kuma taɓa jin na rasa komai ba, don duk wanda ke kewaye da ni haka yake. Kai kuwa harshen aka aike ka ka ɗauko, ba goro ba. Malami zai ba ka darasi da safe, in ka koma zango da azahar, kafin la'asar hira ta wanke shi tas.

Sau ɗaya aka buɗe mini ƙofa, na rufe ta da hannuna. Akwai wani akawu a tashar jirgin ruwa, mutumin garin ne, sunansa Kofi, yakan sayi goro a wurina saboda surukarsa. Mutum ne mai fara'a, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana ya ce yana da ɗaki a bayan gidansa ba kowa a ciki, in ina so in zo in zauna, 'ya'yansa su koya mini Faransanci, ni kuma in koya masa Hausa. Na ce zan zo in gani. Na je. Gida ne tsaf, da rijiya a tsakar gida. Ya fito da murna, ya kama hannuna, ya juya wajen matarsa da 'ya'yansa, ya nuna ni ya ce:

"Mushe Garba!"

Yaran suka haɗa baki, "Mushe Garba!"

Tanko, jinina ya hau. Ni ɗan malamai, a tsayar da ni a tsakar gida a kira ni mushe, dabbar da ta mutu ba yanka, har da sa yara su maimaita? Na zare hannuna, na ce masa, "Ubanka ne mushe," na fice. Ya biyo ni har titi yana kira, yana ƙara faɗin kalmar, ni kuma ina ƙara sauri. Da na ba da labari a zango aka ce na yi daidai, ai haka suke. Sai bayan shekara biyu ko fi na ji wani sojan da ya dawo daga yaƙinsu yana cewa haka suke ce wa babban mutum, kamar yadda mu muke cewa malam. Har Gwamnansu mushe ne. Kofi bai sake sayen goro a wurina ba, ni ma kunya ba ta bar ni na neme shi ba. In ka ji kalma ta yi maka kama da zagi, ka riƙe fushinka zuwa gobe, ka tambaya tukuna. Kuma ka sani tun yanzu, kai ma za su ce maka mushe. Ka amsa.

Haya kuma na gwada ta. Wata shekara muka ɗan saɓa da Mamuda a kan wani ciniki, na ga ni ma na isa, na kwashe kayana na kama ɗaki can wajen bakin teku. Makon farko na ji kamar an sauke mini dutse. Ba mai tambayata ina za ni, ba mai tambayata ina na fito. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, a nan na gane ashe ba mai tambayar ko na tashi ma. Maƙwabtana suna wucewa ta ƙofata da safe su tafi aiki, su dawo su wuce. Ba mugunta ba ce, gidan haya ne, ƙofa a rufe ba ta dami kowa ba. Ban san kwana nawa na yi ba. Abin da na sani, wata hantsi aka ɓalle ƙyauren, na ga Mamuda tsaye. Ya lura bai gan ni a masallacin Juma'a ba, ya bi unguwa-unguwa yana tambaya. Bai ce mini komai game da saɓaninmu ba, a ranar ko bayanta. Ya goya ni a bayansa kamar yaro har inda aka sami amalanke. Matarsa ta yi ta dama mini kunun tsamiya har na miƙe. Saboda haka haya kai kaɗai, a garin da ba ka jin maganar mutanensa, ban yarda ba. Ko darasin ma ba za ka samu a can ba, bango ba ya hira.

Na faɗi wannan ne kuma don ka san wane ne mutumin da nake shirin ɓata wa rai.

Ɗakin kwanan ɗalibai ban taɓa kwana a cikinsa ba, kai ka fi ni saninsa tun da ka yi zaman makarantar Midil. Amma na ga na can daga waje. Yaran da suka zo daga ƙasashen Ingilishi sukan haɗa gadajensu wuri ɗaya, su ci tare, su fita tare, suna ta Turancinsu. Wannan ma zango ne, sai dai ba tuwo. Kai da Turanci ya zauna maka a baki, cikin kwana biyu za ka sami abokai, ka dawo da Turancinka ya ƙara kyau. Ga kuma ƙararrawa, wadda ba ta san azahar ba balle la'asar. In ba a sami wani wuri ba sai nan, to ka roƙi a sa ka ɗaki ɗaya da waɗanda ba ku da wani harshe tsakaninku sai Faransancin.

Yanzu sai abin da zaman zango ya jawo mini, tun da ba ka taɓa jin dalilin da ya sa na bar fatauci na dawo noma ba. Na taso da huhunan goro daga ɓangaren Ingilishi, ba nawa kaɗai ba, har da na mutanen da suka ba ni amana. A kan iyaka akwai ma'aikatan duwan, wato kwastan ɗinsu. Kullum da tafinta muke zuwa, ranar nan ya tsaya baya wajen wata mota da ta lalace. Na ce ai na saba, zan wuce. Baturen ya dubi kayan, ya dube ni, ya yi wata magana mai ɗan tsawo, ya ɗaga gira. Na ce, "Wi." Ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai ba ni dama. Na ce, "Wi, wi." Ni a zatona kalmar nan kamar to ɗinmu ce. Ka san mu in babba ya yi magana sai ka ce to, ba wai ka yarda ba, ka dai nuna ka ji, kuma ba ka raina shi ba. Su kuwa tasu ba ladabi ba ce, amsa ce. Ya rubuta, ya kira 'yan sanda, aka janye huhunan aka jibge su a fili cikin rana, ni kuma aka sa ni a ɗaki.

Da tafinta ya iso ya shiga ya fito, na ce, "Me ya ce ne? Me na yi?"

Ya ce, "Malam Garba, mene ne amfanin tambaya yanzu? Ka riga ka amsa."

Mamuda ne ya zo ya fitar da ni. Goro kuwa ka san ba ya jiran shari'a. Kafin a sake shi ya bushe ya yi baƙi. Masu amana ba su zage ni ba, amma ba wanda ya sake ɗora mini kayansa. Damina na zagayowa na dawo gida na ɗauki fartanya. Ban yi nadamar noma ba, da shi na rene ku. Amma kada ka taɓa ce wa Bafaranshe wi don kunya ko don girmamawa. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko sau goma ne, ko zai yi tsaki. Wannan jimlar ita za ka fara koya kafin gaisuwa.

To, ga abin da na yanke. Ka karɓi fanshon. Ka ce wa makaranta su sa ka a gidan da Faransanci ake yi har a wajen cin abinci, gidan da akwai yara, don yaro ba ya jin nauyin gyara maka magana, kuma ba ya gajiya. Ranar da ka shiga, tun kafin ka kwance kaya, ka gaya wa mai gidan da matarsa a fili cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, nama kuma sai yankan Musulmi. Kada ka bari sai an ajiye kwano a gabanka sannan ka fara noƙewa, wannan shi ne cin fuska. Naman ba zai yi wuya ba, mahautan babbar kasuwa kusan duk mutanenmu ne. Ka nuna musu butarka da buzunka, ka ce ga lokutan da za ka rufe ƙofa. Yawanci in an gaya musu tun farko suna kiyayewa. Matar gidan za ta zauna teburi ɗaya da ku ta sa baki a hira, kada ka sunkuyar da kai kamar an kama ka da sata, haka al'adarsu take. In kuma aka ce a ƙara maka abinci, kana so, ka ce kana so. Kada ka ce ka ƙoshi kana jiran a matsa maka kamar yadda innarka ke yi. Ba za a matsa ba, ɗauke kwanon za a yi, ka kwana da yunwa da kunyarka.

Baffanka bai ji daɗin wannan ba. Da na gaya masa, sai ya ajiye goron da yake ɓarewa ya ce, "Yaya, masauki fa gado ne. Ɗan baƙonka baƙonka ne. Mutumin da ya goya ka, a ce ɗanka ya shiga garinsa ya sauka gidan wani? Da wane ido za ka dube shi?" Na ce ba zan dube shi ba, tsakaninmu tafiyar kwanaki ce, kuma dukanmu mun tsufa. Amma gaskiyar Sule ce. Mahaifiyarka kuma tambayarta ɗaya, in ka kwanta ciwo wa zai dama maka kunu.

Abin da ya ƙara nauyin maganar, labari ya riga ka isa. Wani mai goro da ya sauka a Kwanar Dangora makon jiya ya aiko mini da saƙon Alhaji. Ya ce a gaya mini an share ɗakina, an sake masa daɓe, an sa sabuwar tabarma, kuma tsohuwa, wato matarsa, ta ce a tambaya ko yaron yana cin yaji. Tun da na dawo gida, shekara ba ta taɓa juyowa ba tare da goronsa ya iso ƙofar nan ba. Na san in ka yi abin da na ce, mai yiwuwa na bana ne na ƙarshe. Abin yana damuna ƙwarai, na kuma yarda da shi a haka.

Ga yadda za ka yi. In motar Ikko ta sauke ka, za ka ga mutanen zango a tasha suna cigiyar baƙi, kuma za su gane ka daga hularka. Ka gaishe su da kyau, kada ka saki hannun akwatinka. Ka wuce makaranta kai tsaye, a kai ka gidan da za ka zauna, ka kwana, ka ci abincinsu. Sai ranar Juma'a ka yi wanka, ka sa babbar riga, ka ɗauki rigar saƙi da tulun man shanun da Sule zai ba ka, ka tafi zango. Ka yi salla a masallacinsu, sannan ka je ka durƙusa a gaban Alhaji, ka kira shi Baba. Zai riƙe kanka, zai yi kuka wataƙila, don an ce kamarmu ɗaya. Sannan zai dubi bayanka ya ce, "Ina kayan?"

Kada ka yi ƙarya, kada ka ce makaranta ce ta tilasta ka. Ka ce, "Baba Garba ne ya hana." Ka bar laifin a kaina, ni da shi mun san juna. In ya ce ka zo ka ga ɗakin, ka ce sai wani zuwan. Na san ɗakin nan, yana da sanyi da rana, ƙofarsa na kallon bishiyar da ake hira a ƙarƙashinta, in ka shiga ba za ka so fita ba. Tuwon Juma'a kuwa ka ci, tun da kayanka na wani wuri. Ka kwatanta masa gidan da kake, har ƙofar. Kowace Juma'a ka je, ko ya sake maka fuska ko bai sake ba. Ko yana fushi da ni, in bai gan ka a sahu ba zai nemo ka. Wannan ce amsar da na ba mahaifiyarka.

Saura abu ɗaya, nawa ne na kaina. Maganar da Baturen duwan ya yi mini, wadda na ce wa wi, tana nan a kaina. Ka san mu da muka yi karatun allo, kunnenmu na riƙe abu ko ba mu san fassararsa ba. Sau biyu ya faɗe ta, na haddace ta da hawanta da saukarta. Nakan same ta a bakina ina cikin huɗa. Na san abin da ta jawo, amma har yau ban san me na amsa ba. Ban taɓa karanta wa kowa ita ba, don a Kiru ba mai ji, a zango kuma kunya ta hana. Ba zan rubuta maka ba, ajami ba zai ɗauke ta daidai ba. In ka dawo, za mu zauna a zaure, in faɗa maka ita kamar yadda ya faɗa, kai kuma ka gaya mini da Hausa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare maka addininka da lafiyarka, Ya buɗe maka kunne da harshe. Allah Ya saka wa Alhaji Mamuda da alheri, Ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Allah Ya dawo mana da kai ina da sauran numfashi da sauran hadda. Mahaifiyarka da yayyenka mata suna gaishe ka.

Ranar Juma'ar nan, ka bar akwatin a gida.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Garba